Yadda Ɓaunar Yaya Pyone Ta Koyi Magana

Ni dai ban taɓa son kwamfutar nan ba, kuma ban taɓa ɓoye wa mai ita ba. Rumfata ta miyar kifi da taliya tana manne da shagon Daw Pyone Yi a bakin kasuwar Pyay, katako ne kawai tsakaninmu, don haka duk nishin da abar take yi da safe a kunnena yake sauka. Sai in dafa romo, in yanka albasa, in sallami masu sammako, ita kuwa tana nan tana gurnani ba ta gama farkawa ba. Ni na raɗa mata suna Ɓauna, don ga ta toka-toka, ga nauyi, kuma ba ta tashi sai ta ga dama. Sunan ya bi ta, har mai ita ta haƙura ta karɓa.

Daw Pyone Yi, wadda nake ce wa Yaya Pyone don ta girme ni, mai buga rubutu ce. In za ka aurar da 'ya, ko za ka kai ɗanka gidan sufaye a aske masa kai ya yafa jan mayafi, ko an yi maka rasuwa, wurinta za ka zo ta tsara maka katin gayyata. A wani ƙauye na ƙasan kogi aka haife ta, gidan masu saƙar tabarma. Ta shigo gari tana budurwa ta koyi tafireta, ta yi shekaru a gindin tsamiyar ƙofar kotu tana buga wa mutane takardun ƙara. A nan U Ngwe Thaung, makanikin jiragen ruwa, ya gan ta. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa ƙarar ƙarya ya ƙirƙiro a kan wani maƙwabci da babu shi a duniya, don dai ya samu ya zauna a benci yana kallon yatsunta. Shi ne kuma bayan sun yi aure ya sayo mata Ɓauna, ta hannu, ya saɓo ta a kafaɗa tun daga tashar jirgi. Da ya rasu, ita ta buga katin jana'izarsa da kanta a kan wannan kwamfutar, ta hana kowa ya sa mata hannu.

Masu buga kati ba su yi kaɗan ba a garin, amma Yaya Pyone ba ta kuskure suna. Ta san wanda yake son a ja masa wasali da wanda ba ya so. Ta san gidan da in ka sa sunan ƙanin uba a gaban na yayan uwa, bikin zai tashi da gaba. Duk katin da ta taɓa bugawa yana cikin Ɓauna, in ka zo za ka aurar da autarka sai ta buɗe na babbar, ta ce, "Kakarsu ta rasu bara, ko? To, marigayiya za mu sa." Kafin ka gama goge ido ta gama aiki. Ga ta da tsare gida, ba ta da yawan dariya, amma ban taɓa ganin ta sallami mai makoki ba tare da ta leƙo ta ce in zuba masa miya ba.

Ni na fara gane cewa idonta na tafiya. Wata safiya ta ɗauki butar shayi ta tsiyaya a gefen kofi, ta ci gaba da tsiyayawa har ruwan ya gangaro kan zanenta. Ta ce teburina ne ya karkace. Teburina kuwa lafiyarsa lau. Sai da na matsa mata lamba sannan ta faɗa mini cewa ta riga ta ga likita, ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Magani zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

"In kika gaya wa Thet Wai, Ohn Kyi, ni da ke har abada," in ji ta.

Thet Wai ita ce 'yarta tilo, tana aiki a wani kantin magani a Yangon. Na yi shiru da bakina, abin da ba halina ba. Kuma babu wanda ya lura, domin dama can Yaya Pyone ba ta kallon yatsunta in tana rubutu. Bugawa ba ta buƙatar ido a wurinta. Dubawa bayan an buga, wannan ce ke buƙata.

A shekarar ne aka sauya rubutun wayoyi da kwamfutoci a ƙasar baki ɗaya, aka bar tsohon da muka saba da shi aka koma sabo. Kowa ya sha wuyarsa. Saƙon ɗana sai ya iso wayata haruffa a warwatse, da wasu 'yan zobba masu ɗigo-ɗigo a tsakani. Maɗaba'ar da ke buga wa Yaya Pyone katuna ita ma ta koma sabo, Ɓauna kuwa ko labari ba ta ji ba. Aka zo bikin 'yar U Kan Nyunt mai injin cashe shinkafa, bikin ƙarshe kafin damina. Mai maɗaba'a ya fitar da gwaji ya kawo mata har shago, ya ce, "Inna, duba mini nan, kamar sunayen ba su zauna ba." Ta ɗaga takardar ta kai kusa da fuska, ta sauke.

"Daidai suke. Ni za ka koya wa suna?"

Wannan girman kan nata ne ya kashe ta, kuma na faɗa mata. Katuna suka fita gari da sunan ango kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. U Kan Nyunt ya zo ya tsaya a ƙofar shago yana ɗaga murya har masu sayar da kifi suka bar kifinsu. Ita kuwa ta tsaya ƙyam, ba ta ɗora wa maɗaba'a laifi ba, ta ce nata ne. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Yangon, sai ga Thet Wai ta sauko daga bas. Na ji komai ta katako, ba laɓe na yi ba, katakon ne siriri.

"Mama, karanta mini abin da ke jikin kwalbar nan."

Ban ji uwar ta karanta ko harafi ɗaya ba.

"Tun yaushe?"

"Kwamfutar ce ta tsufa, ba ni ba."

"Ku biyun ne kuka tsufa, Mama! Ki rufe shagon nan ki biyo ni. Akwai ɗaki, akwai likita a ƙofar gida. Me ya rage miki a nan ban da abin kunya?"

"In na je Yangon in yi me? In zauna a saman bene ina sauraron ƙarar motoci har in mutu?"

Yarinyar ta fashe da kuka, uwar ta ƙi. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi. Wata ukun damina, lokacin da sufaye ke zaman gida, ba a ɗaura aure, don haka shagon dama hutu yake yi. Thet Wai za ta dawo ranar bikin fitilu na ƙarshen damina, ranar da yara ke durƙusa wa iyaye. In ta tarar uwarta na iya fitar da kati ba kuskure, ita kaɗai, shago ya zauna. In ba haka ba, ta tattara. Ni a raina na riga na fara tunanin wanda zai kama shagon, ina fatan kada ya zama mai sayar da kaset ɗin waƙa.

Kwana biyu da tafiyar yarinyar, Yaya Pyone ta naɗe Ɓauna a bargo, ta rufa mata ledar ruwa, ta kira mai keken haya. Ta ce in raka ta wurin Ko Than Zaw, mai gyaran kwamfuta a bayan masu ɗinki. Na rufe tukunyata na bi ta ina mita, ni ke riƙe da lema a kan kwamfuta, mu biyu ruwa na dukanmu.

Ko Than Zaw mutum ne mai tumbi da jan baki saboda taunar ganyen kun, wanda shi ne goron mutanenmu. Ya buɗe cikin Ɓauna, ƙura ta tashi, ya yi atishawa ya ja da baya.

"Inna, wannan ai ba gyara take so ba, jana'iza take so. Ke da kanki ki buga mata kati."

"Ban zo jin wasa ba. So nake ta yi sabon rubutu, kuma ta daina sa ni jira."

"Sai an cire babbar manhajar da ke tafiyar da ita, an sa mata sabuwa. Wadda ke kanta ta girmi aurena. Kuma sabuwar ba lallai ta ɗauka ba, ƙashinta ya yi laushi. Sayi wata kawai."

Na ce, "Ko mu tambayi ranar da aka haife ta, mu hau tudun wurin ibada mu zuba mata ruwan neman albarka a kusurwar da aka ware wa ranar haihuwarta, ko ta samu sauƙi."

Babu wanda ya yi mini dariya sai Ko Than Zaw. Yaya Pyone ta dafa bargon ta ce, "Mijina ne ya saɓo ta a kafaɗa. Jirgin da kowa ya ce a nutsar, shi sai ya sa masa sabon inji ya ƙara shekara goma a ruwa. Kai nemo mata abin da za ta iya ɗauka."

Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce akwai wata manhaja sabuwa amma marar nauyi, wadda ba ta cika wa tsofaffi ciki. Ya tono wasu sirara-siraran alluna kore daga gawar wata kwamfuta ya soka mata, ya ce wurin tunani ya ƙara mata. Ya sauya mata ma'ajiya da wata ƙarama da ba ta juyi ba ta ƙara. Amma kafin ya goge komai, Yaya Pyone ta sa ya kwashe katunanta kaf ya zuba a wuri biyu, ɗaya ta ɗaure a bakin zanenta kamar kuɗin cefane. Aikin ya ci yini guda, don wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, sai da aka sake daga farko. Ita ko motsi ba ta yi ba daga kan benci.

Da ya danna maɓalli a ƙarshe, na juya zan tofar da yawu ke nan, na juyo na tarar Ɓauna ta farka. Ba nishi, ba gurnani. Na ce, "Kai! An musanya ta!" Yaya Pyone ta yi murmushi, na farko tun ranar U Kan Nyunt. Ta ce a buɗe mata kati ɗaya, ni in karanta.

Na sunkuya na duba. Irin warwatsen nan ne na wayata, haruffa sun hau juna, zobba masu ɗigo a ko'ina. Ya buɗe wani, haka. Wani, haka. Aikin shekara da shekaru, auren garin nan da mutuwarsa, duk ya koma shirme.

"Ohn Kyi, me ya sa kika yi shiru? Ke ba kya shiru."

Ko Than Zaw ya yi saurin cewa, "Ba su ɓace ba, Inna, kwantar da hankalinki. Da tsohon rubutu aka yi su, sai an juya su. Akwai abin juyawa, sai dai yana tuntuɓe a sunaye, dole a bi ɗaya bayan ɗaya a duba."

A duba. Da wane idon? Na ji haushi ya taso mini, na ce wane irin ci gaba ne wannan da zai mai da rubutun mutane shara. Shi kuwa ya tofar da kun ɗinsa a gwangwani ya gyara zama.

"Inna, in za ki rubuta Ngwe, me kike fara bugawa?"

Na zabura, don bai san sunan wa ya kama ba. Ita dai ta amsa a hankali. "Wasalin gaba."

"Amma in za ki faɗa da baki fa?"

"Baƙin nake fara faɗa, wasalin ya biyo."

"To, kin ga rigimar ke nan. Mu muna zana wasalin a gaba, muna furta shi a baya. Tsohon rubutu yana ajiye haruffa yadda ido ke ganinsu. Sabon yana ajiye su yadda baki ke faɗarsu. Shi ya sa ba sa jituwa."

Ni ban ga abin da wannan bayanin zai ƙara mana ba. Amma Yaya Pyone ta karkata kai gefe yadda take yi in tana auna wanda za ta sa a gaba a kati.

"Yadda baki ke faɗa," ta maimaita. "To, in yadda baki ke faɗa take ajiyewa, ashe za ta iya faɗa?"

"Faɗar me?"

"Abin da na rubuta. Ta karanta mini in ji."

Ko Than Zaw ya daina tauna. Ya dube ta, ya dube ni, na kau da kai. A nan ya gane abin da ke faruwa, kuma na ga girmansa, don bai ce uffan a kai ba. Ya ce, "Akwai wata murya da ake haɗawa. Da tsohon rubutu ba ta aiki, shirme take yi. Da sabo kuwa, bari mu gani." Ya ɗauko wata 'yar lasifika mai fasasshen gefe ya jona. Ya ce ta buga wani abu. Ta lalubi allon rubutu ta buga. Sai ga muryar wata mace, siririya, ba daɗi ba gishiri, ta cika shagon: "Miyar Ohn Kyi ta cika gishiri."

Ƙarya ce, amma na yafe mata.

Daga ranar damina ta zama tata. Kullum da safe za ta kunna Ɓauna, ta juya kati ɗaya zuwa sabon rubutu, ta sa muryar ta karanta, ta saurara da ido a rufe. Inda muryar ta yi tuntuɓe, ta san harafi ya kauce, sai ta gyara ta sake saurare. Wahalar ba kaɗan ba ce. Wasu haruffan sun sauya mazauni a allon, yatsunta kuwa sun saba da tsohon wuri. Sai in ji muryar ta kwaɓa wani abu, in ji Yaya Pyone tana yi wa hannunta faɗa: "Ke 'yar manuniya, ba nan ba, sau nawa zan faɗa miki?" Akwai ranar da na tarar da ita ta kifa kai a tebur. Na ce ta huta. Ta ce yatsunta sun fi ta taurin kai, amma ita ta haife su.

Na so in taimaka mata da dubawa, ta ƙi. "Ranar da Thet Wai za ta zo, ke za ki zauna a kujerar?"

Abin da ba mu zata ba shi ne abin da muryar ta yi wa layinmu. Ruwa na zuba, kasuwa ba ciniki, mutane na fakewa a rumfata, sai su ji ta katako ana kiran sunan ubansu da ranar da aka kai shi. Wata mai sayar da furanni ta ji katin aurenta, ta ajiye cokali ta ce, "Ashe har da kawuna aka gayyata? Shi da ya rantse ba a kai masa ba!" Wani tsoho mai keken haya ya roƙi a sake masa na jana'izar matarsa, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu har aka gama. Wasu suka riƙa leƙawa suna cewa, "Inna, an iso gidanmu?" Har U Kan Nyunt ya zo ya zauna da sunan shan miya, ya ji katin 'yarsa yadda ya kamata ya fita tun farko. Washegari an ajiye ƙaramin buhun shinkafa a ƙofar shago. Ni ma na yi ciniki a daminar nan, ba zan ɓoye ba.

Kati ɗaya ne na lura ba ta taɓa ba. Tana bin su shekara-shekara, da ta iso watan da U Ngwe Thaung ya rasu, sai na ji ta tsallake zuwa na gaba. Ban tambaye ta ba.

Ruwa ya ɗauke, aka fara rataye fitilun takarda a ƙofofi. Ranar bikin da la'asar Thet Wai ta iso, da kwandon 'ya'yan itace da sabon zane na gaisuwa, da kuma manyan jakunkuna biyu wayam. Da na ga jakunkunan sai na ji kamar in watsa musu romo. Ta shimfiɗa tabarma ta durƙusa gaban uwarta, ta haɗa tafuka ta kai goshi ƙasa, ta nemi gafarar duk abin da ta yi mata da baki ko da zuciya. Yaya Pyone ta sa mata albarka, ta ce ita ma a yafe mata. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"To, an gama da wannan. Kawo aikinki."

Na bar rumfata a buɗe na tsaya a ƙofa. Thet Wai ta dube ni ta ce, "Goggo Ohn Kyi, ban da tari, ban da gyaran murya." Kamar ni ce zan yi maguɗi.

Uwar ta danna maɓalli, Ɓauna ta farka nan take. Yarinyar ta ɗaga gira amma ba ta yaba ba. Ta tsaya a bayan kujera, ba takarda a hannunta, ta ce katin aure ne, da ka za ta faɗa.

"Maung Wunna Soe, ɗan U Thein Pe Lwin da Daw Hnin Mya, na Thanlyin."

"Lwin ɗin nan, da wane harafi yake rufewa? Akwai masu rubuta shi iri biyu."

Thet Wai ta faɗa mata. Yatsu suka yi ta tafiya. Aka danna, muryar ta karanta, sai ta yi tuntuɓe a sunan uwar ango. Yaya Pyone ko gezau, ta ce, "Na ji ki," ta koma baya ta cire harafi ta sa wani, muryar ta sake faɗa tsaf. Yarinyar ta sunkuya ta duba da idonta, ta ɗago.

"Sai amarya," in ji uwar. "'Yar wa?"

Thet Wai ta ce, "'Yar marigayi U Ngwe Thaung, da Daw Pyone Yi, na Pyay."

Yatsun suka tsaya cak a sama. Ni na dafe ƙofa. Yarinyar nan ta haura talatin da biyar, duk layin mun daɗe da cire rai da aurenta, ashe da abin da take ɓoyewa ita ma. Uwar ba ta juyo ba. Na ga kafaɗarta ta ɗaga ta sauka.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina. Na so in faɗa miki ranar nan, sai muka yi faɗa." Ta dafa bayan kujerar. "Ɗakin da na ce miki, a gidanmu ne, Mama. Ba don in raba ki da aikinki ba ne. Tsoro nake ji."

"Na sani."

Sai uwar ta sauke hannu ta buga sunan da ta tsallake duk damina. A hankali ta buga shi, harafi bayan harafi. Ta danna. Muryar nan marar gishiri ta ce, "Ma Thet Wai, 'yar marigayi U Ngwe Thaung," ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Sake sa ta faɗa," in ji yarinyar.

Ta sake.

Suka ƙarasa sauran, rana da wuri da lokacin cin abinci, ba wanda ya kalli wani. Muryar ta karanta katin daga sama har ƙasa, Thet Wai na bi da yatsa. Da aka kai ƙarshe na buɗe baki zan yi magana, sai yarinyar ta riga ni.

"Saura layi ɗaya. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, ki sa sunan shago da inda yake. Dangin ango suna da 'yan mata da yawa, za su tambayi inda aka buga."

"Wane shago?" in ji Yaya Pyone. "Wanda aka zo da jakunkuna a kwashe?"

"Mama, ki rubuta mana. Jakunkunan na katuna ne, in kin gama."

Ƙarya take yi, ni na san da abin da ta zo da su, uwar ma ta sani. Amma ta rubuta. Ni kuwa kuka na yi a fili, a bakin ƙofa, ban nemi abin fakewa ba, don na yi wata uku ina shirin rasa maƙwabciyata. Yaya Pyone ta danna maɓallin, ta ƙara wa lasifika murya har ƙarshe, yadda masu kifi da masu furanni da duk wanda ke rataye fitila a layin zai ji.

"An buga a shagon Daw Pyone Yi, bakin kasuwa, Pyay."